Yadda ake gwada maganin daji a ɗakin gwaji: ƙarfin kariya da kuma guba

Duk wanda ya ratsa layin masu magani a kasuwar Kejetia ta Kumasi, ko ya zauna wajen masu sassaƙe a Aboabo da Asawase, ya ji ana cewa wannan yana wanke jini, wancan yana ƙara ƙarfi. Yawancin saiwoyi da sassaƙe da 'ya'yan itacen nan daga kurmin Asante ake sauko da su: prekese, kimba, namijin goro, nibima, nyamedua. Mun rubuta wannan ne domin ɗaliban Zango da ke karatun haɗa magunguna ko kimiyyar sinadarai, da kuma masu maganin gargajiya da ke son sanin abin da ake yi wa kayansu idan sun kai ɗakin gwaji. Gwaji biyu za mu bi. Na farko yana auna ƙarfin tsiro wajen tare lalacewar da iskar oksijin ke haddasawa. Na biyu yana duba ko akwai guba. Shawararmu tun daga nan ita ce a yi su tare, a kan tatacce ɗaya, domin na farkon shi kaɗai yana iya yaudarar mutum.

Ka tsaga farin goro ka ajiye, kafin ka juya ya fara yin ja. Ka bar man gyaɗa a buɗe ya daɗe, sai ya canza wari. Aikin oksijin ke nan. A cikin jiki ma akwai wasu sakakkun ƙwayoyin sinadari masu fizgar lantarki daga kitse da furotin, kuma abin da ke tare su shi ake kira antioksidan. Ganye da sassaƙe masu bauri galibi suna da shi da yawa, saboda tanin da danginsa. To amma dubi gwaska, wadda Asante ke kira potrodom, Erythrophleum suaveolens. Ɓawonta na da tanin, don haka tana iya ba da lamba mai kyau a gwajin farko, alhali ita ce ake ba wanda ake zargi ya sha a zamanin da, kuma sinadaran cikinta suna tsayar da zuciya.

Tun daga daji

Kuskure mafi tsada ana yin sa ne kafin a taɓa kwalba ko ɗaya, wato gwada tsiron da ba a tabbatar da sunansa ba. Busasshen sassaƙe na kasuwa yana kama da juna, kuma suna ɗaya na iya hawa kan bishiyoyi biyu. Maɗacin da muka sani a arewa Khaya senegalensis ne, na kurmi kuwa akwai Khaya ivorensis, kuma a buhu da wuya ka raba su. Saboda haka ka je inda bishiyar take, ka yanko reshe mai ganye, da fure ko 'ya'ya in akwai, ka danne shi tsakanin jaridu da katako biyu, kana canza jaridar kullum har ya bushe. Ka kai wa masana tsirrai su tantance, su ba ka lambar ajiya. Sashen maganin tsirrai na jami'ar KNUST yana da ma'ajiyar busassun tsirrai, akwai cibiyar binciken daji ta FORIG a Fumesua, akwai kuma babbar ma'ajiya a Jami'ar Gana da ke Legon. Idan daga keɓaɓɓen daji irin Bobiri za ka ɗebo, sai da izinin hukumar gandun daji.

Ka rubuta rana, wuri, ɓangaren da ka ɗiba, da kuma ko damina ce ko rani, domin ƙarfin tsiro yana canzawa da lokaci. Ka guji bakin titi, da gonar koko da ake feshi, da duk inda ruwan galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ke bi. Ƙasar da aka wanke zinariya a kanta tana iya ɗauke da makuri da asenik, tsiro ya sha su, kai kuma ka ɗora laifin gubar a kan tsiron. Wajen ɓare sassaƙe kuma kada ka zagaye bishiya, ka ɗauki tsiri ɗaya a tsaye daga gefe guda. Bishiyar da aka yi wa zobe mutuwa take yi. Ɗanyen kaya kilo 1 ya ishe ka.

Shanya ita ce ciwon kan Kumasi. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ganye kan bushe a inuwa cikin mako guda. Da damina kuwa iska jiƙe take, sai ka ga fumfuna ta hau sassaƙe kafin kwana huɗu. Ka wanke, ka yayyanka ƙanana, ka baza a kan waya mai ramuka yadda iska za ta bi ta ƙasa, a inuwa, kana juyawa safe da yamma. Rana tana ƙone sinadaran da kake son aunawa. In akwai tanderun ɗakin gwaji, ka sa shi a digiri 40 zuwa 45. Alamar bushewa ita ce ka auna yau, ka auna gobe, nauyin bai canza ba. Duk abin da ya yi fumfuna ka zubar, kada ka kankare, domin wasu nau'in fumfuna suna zuba guba tasu. Bayan haka ka daka ko ka niƙa, ka tankaɗe, ka zuba a kwalba mai murfi, ka manna suna.

Jiƙo da tacewa

Auna gari giram 100, ka zuba a kwalba mai duhu, ka ƙara itanol mai kashi 70 lita 1. Idan mai kashi 96 kake da shi, auna mililita 730 ka cika da ruwan distil zuwa lita 1. Kada ka yi dabarar amfani da akpeteshi, barasar da ake dafawa a gida: ƙarfinsa ba tabbas, kuma yana ɗauke da wasu abubuwan da za su shiga sakamakonka. Rufe, ka bar shi awa 72 kana girgizawa sau uku ko huɗu a rana. Ka tace da tsumma mai tsabta, sannan da takardar tacewa ta Whatman lamba 1.

Ga abin da ake yawan tsallakewa. Mutane ba itanol suke jiƙa magani da shi a gida ba, tafasawa suke yi a tukunya. Idan tambayarka ita ce ko abin da ake sha yana da illa, dole ka yi tatacce na biyu irin na gida: gari giram 100 a ruwa lita 1, a tafasa minti 20 zuwa 30, a tace. Itanol yana janyo abubuwan da ruwa ba ya janyowa, ruwan zafi kuma yana janyo nasa. Ka gwada duka biyun, ka rubuta kowanne daban.

Na itanol ana ƙafar da shi a na'urar da ke juya kwalba tana zuƙe tururi, a zafin da bai wuce digiri 45 ba. In babu ita, zuba a faffaɗan kwano na gilashi a kan ruwan ɗumi, a wuri mai iska, nesa da wuta. Na ruwa shi ne mai saurin lalacewa, kwana biyu a waje ya yi tsami, don haka a hanzarta busar da shi ko a daskarar. Abin da zai rage wani danƙo ne mai duhu. Auna shi: in ka sami giram 12 daga giram 100, ribarka kashi 12 ke nan, kuma wannan lambar za ta taimaka daga baya wajen lissafin yawan abin da mutum ke sha a kofi ɗaya. Ajiye a firij a digiri 4. Saboda ɗauke wuta, ka raba shi kwalba uku ko huɗu, kana buɗe ɗaya kawai.

Gwajin DPPH

DPPH gari ne mai duhu wanda in ya narke a metanol yake ba da launin shunayya mai kauri. Shi kansa sakakken sinadari ne, sai dai ba ya saurin lalacewa. Idan ya haɗu da antioksidan sai shunayyar ta koɗe ta koma rawaya-rawaya, kuma na'urar auna haske, sifektorofotomita, tana karanta wannan koɗewa a nanomita 517. Wani masani mai suna Blois ne ya fara bayyana hanyar a 1958.

Auna DPPH miligiram 3.94, ka narkar a metanol mililita 100. Wannan shi ne kauri na milimola 0.1. Naɗe kwalbar da takardar alminiyam nan take, kuma ka haɗa shi a ranar da za ka yi aiki. Metanol guba ne mai makantarwa, yana shiga ta numfashi da fata: safar hannu, tabarau, taga a buɗe, kuma ba a zuƙar fifet da baki.

Narkar da danƙonka miligiram 10 a metanol mililita 10, ka sami maikirogiram 1000 a kowace mililita. Daga nan ka riƙa rabawa biyu: 500, 250, 125, 62.5, 31.25. In tataccen ruwa ne ya ƙi narkewa a metanol, fara narkar da shi a ɗan ruwan distil, amma ka sa ruwa daidai wannan a bututun shaida, wato wanda ba magani a ciki. Haɗa bitamin C ma a matsayin ma'auni, a kauri 40, 20, 10, 5 da 2.5.

A kowane bututu zuba mililita 1 na tatacce da mililita 3 na DPPH. Kowane kauri bututu uku. Sai ƙarin bututu iri biyu waɗanda ba a wasa da su. Na farko shi ne na shaida: metanol mililita 1 da DPPH mililita 3, ba magani. Na biyu shi ne na launi: tatacce mililita 1 da metanol mililita 3, ba DPPH, kuma ana yi wa kowane kauri nasa. Girgiza, ka sa a cikin kabad mai duhu minti 30 cif. Kunna na'urar tun minti 20 kafin lokaci ta ɗumama, ka saita ta a sifiri da metanol zalla, sannan ka karanta bisa tsarin da ka zuba, don kowane bututu ya sami minti 30 ɗinsa.

Lissafin ba wuya. Cire lambar bututun launi daga lambar bututun magani. Abin da ya rage ka cire shi daga lambar shaida, ka raba da lambar shaida, ka ninka da 100. A ce shaida ta ba da 0.800, magani ya ba da 0.370, launinsa 0.050. Ka cire, saura 0.320. To 0.800 ban da 0.320 shi ne 0.480, a raba da 0.800, kashi 60 ke nan. Ka yi wa kowane kauri haka, ka zana a takardar giraf, ka nemo kaurin da ya koɗar da rabi. Shi ake kira IC50. Idan 31.25 ya ba da kashi 40, 62.5 ya ba da 60, IC50 yana wajen 45. Ƙaramar lamba ita ce ƙarfi, babba rauni.

Inda ake tuntuɓe a nan yana da yawa. Tunda mililita 1 ka zuba cikin jimlar 4, kaurin da ke cikin bututu kashi ɗaya bisa huɗu ne na wanda ka haɗa: 1000 ya zama 250. Ɗalibai da dama suna mance wannan, sai lambarsu ta ninka huɗu, su kwatanta da ta wani su ce tsironsu ba shi da ƙarfi. Ka yi lissafi da kaurin ƙarshe, ka kuma faɗi haka a rahoto. Da wannan haɗin, bitamin C ya kamata ya faɗo wajen maikirogiram 3 zuwa 5. In ya ba ka 30, ba tsiro ke da matsala ba, ko DPPH ɗinka ya mutu, ko bitamin C ya sha iska, ko fifet ɗinka na ƙarya. Lambar shaida kuma ta kasance wajen 0.7 zuwa 0.9. In ta sauko 0.3, haske ya cinye DPPH, ka haɗa sabo.

Jan sassaƙe irin na maɗaci da jan goro suna da launin da na'ura ke gani a 517. Ba tare da bututun launi ba, sai ka ga kamar ƙarfin yana raguwa yayin da kauri ke ƙaruwa, wani lokaci ma lissafi ya ba da ƙasa da sifiri. Haka ruwa mai gurɓata, wanda bai narke sarai ba, yana watsa haske ya ƙara lamba. Tace shi ko ka juya a santirifuj, na'urar da ke kwantar da laka, kafin karantawa.

Mai son ƙarin hujja sai ya auna jimlar finol, wato tanin da danginsa, da ruwan Folin-Ciocalteu: tatacce mililita 0.5, ruwan Folin da aka sirka sau goma mililita 2.5, bayan minti 5 a ƙara sodiyam kabonet mai kashi 7.5 mililita 2, a jira awa ɗaya a duhu, a karanta shuɗin a nanomita 765, a kwatanta da galik asid. Sai dai bitamin C da wasu nau'in sukari ma suna shuɗanta shi, don haka 'ya'yan itace masu zaƙi irin prekese suna iya nuna fiye da abin da ke cikinsu.

Gwajin guba da 'ya'yan jatan lande

Akwai wani ɗan mitsitsin jatan lande na ruwan gishiri, Artemia, wanda masu ƙyanƙyasar tarwaɗa ke ciyar da 'ya'yan kifi da shi. Ƙwansa busasshe ne kamar garin yashi mai ruwan ƙasa, ana sayar da shi a gwangwani wajen masu kayan kiwon kifi. Meyer da abokan aikinsa ne suka yaɗa amfani da shi wajen gwada tsirrai a 1982, kuma arharsa ce ta sa har yau ake farawa da shi.

Narkar da gishirin teku giram 38 a ruwan distil lita 1, ka tace. Kada ka ɗauko gishirin girki mai aidin, kada kuma ka yi amfani da ruwan famfo kai tsaye, kulorin na kashe su. Samo roba mai faɗi, ka raba ta biyu da wani faifan roba mai ƙananan ramuka. Rufe gefe ɗaya ya yi duhu, ka barbaɗa ƙwai kamar rubu'in ƙaramin cokali a nan, ɗaya gefen kuma ka haska shi da fitila. Zafin digiri 25 zuwa 28 suke so, kusan zafin ɗaki a Kumasi. In akwai ɗan famfon iska na tankin kifi, sa shi a hankali. Cikin awa 24 za su fara fashewa, su yi iyo zuwa haske su bar ɓawon a duhu. A awa 48 ake ɗibarsu. Ka tanadi fitila mai caji, domin in wuta ta ɗauke cikin dare ƙyanƙyasar za ta ragu.

Narkar da danƙo miligiram 100 a mililita 1 na DMSO, wani ruwan sinadari mai narkar da danƙo, ka cika da ruwan gishirin zuwa mililita 10. Kowace mililita tana da miligiram 10. Rabin mililita na wannan a cikin jimlar mililita 5 shi ne maikirogiram 1000 a mililita, DMSO kuma ya tsaya a kashi 1, wanda shi ne iyaka. Raba uwar haɗin biyu-biyu ka sami 500, 250, 125, 62.5 da 31.25. Tataccen ruwa ba ya bukatar DMSO.

Ƙirga su ne ke cin ido. Zuƙo da fifet na gilashi, ka ɗaga shi a gaban baƙin kwali da fitila a gefe, za ka ga ɗigo-ɗigo masu ruwan lemo suna tsalle. Ƙirga goma daidai, ka zuba a 'yar kwalba mai ruwan gishiri kamar mililita 3, ka ƙara rabin mililita na magani, ka cika zuwa 5. Kowane kauri kwalba uku, wato guda 30. Kwalaben shaida iri biyu ne: ruwan gishiri mai DMSO kashi 1 ba magani, da kuma fotasiyam daikiromet, gubar da aka san tana kashe su. Daikiromet na jawo sankara, don haka safar hannu, kuma ragowarsa a tara a kwalba ta daban, ba a zuba a kwata. Bar kwalaben a buɗe ƙarƙashin fitila awa 24.

Washegari ka ƙirga masu rai. Wanda ya kwanta a ƙasa bai motsa ba na daƙiƙa 10, ko da ka ɗan buga kwalbar, ya mutu. A tatacce mai duhu sai ka juye a faranti na gilashi ka duba da madubin ƙara girma. Idan fiye da kashi 10 sun mutu a kwalbar shaida marar magani, aikin ya ɓaci, sake daga farko: ko ƙwan ya tsufa, ko sun wuce awa 48 yunwa ta kama su, ko kwalaben na da ragowar sabulu. In mutuwar kaɗan ce, gyara da lissafin Abbott: a ce magani ya kashe kashi 40, shaida kashi 10, sai ka raba 30 da 90 ka ninka da 100, kashi 33 ke nan. Daga nan ka nemo LC50, kaurin da ya kashe rabi, ta giraf ko lissafin furobit a kwamfuta.

Bisa ma'aunin da aka saba, LC50 sama da 1000 ana ɗaukarsa marar guba a wannan gwajin, 500 zuwa 1000 guba kaɗan, 100 zuwa 500 matsakaiciya, ƙasa da 100 mai tsanani. Kafin ka yanke hukunci, duba abu biyu. Tatacce mai tsami yana sauke pH na ruwan, wato ma'aunin tsaminsa, jatan landen kuwa wajen 8 yake so, sai tsamin ya kashe shi ba guba ba. Auna da takardar pH. Na biyu, tanin mai yawa yana dunƙulewa a ruwan gishiri ya kwanta kamar laka, ya danne su.

Bayan lambobin sun fito

Ƙaramin LC50 ba lallai ya zama dalilin watsi da tsiro ba. Nibima, Cryptolepis sanguinolenta, wadda aka daɗe ana shan saiwarta don zazzaɓin cizon sauro, tana da sinadarin kiriftolefin mai shiga tsakanin DNA ya kashe ƙwayar halitta. Ƙarfinta da haɗarinta wuri ɗaya suka fito, shi ya sa awo da tsawon kwanakin sha ke da muhimmanci, musamman ga mai ciki. Ta ɗaya gefen kuma, rayuwar jatan lande ba izinin sayarwa ba ce. Ba shi da hanta da ƙoda irin namu, kuma awa 24 kawai aka kalle shi, alhali mai ciwon suga a Sabon Zango wata da watanni yake shan jiƙonsa. Haka IC50 mai kyau abin da ya faru a bututu ne. Sai sinadarin ya tsallake ciki da hanji da hanta kafin ya isa jini, kuma tanin da yawa ba ya tsallakewa. Don haka ba daidai ba ne a rubuta a jikin kwalba cewa an gwada yana maganin sankara ko hawan jini saboda DPPH ya koɗe.

Mataki na gaba na cibiyoyi ne masu izini: gwaji a kan ɓeraye bisa ƙa'idar gwaji ta ƙungiyar ƙasashe ta OECD lamba 423 ko 425, inda ake kaiwa miligiram 2000 kan kowane kilo na nauyin jiki a lura kwana 14, sannan na kwana 28 bisa lamba 407, da duba jini da hanta da ƙoda, duk bayan amincewar kwamitin kula da haƙƙin dabbobi. Akwai kuma awon dalma, makuri, asenik da ƙwayoyin cuta. Cibiyar binciken maganin tsirrai ta Mampong-Akuapem, wadda aka kafa a 1975 bisa ƙoƙarin Dokta Oku Ampofo, tana karɓar magungunan masu gargajiya don irin wannan gwaji, kuma hukumar FDA ta Gana ce ke yi wa magani rajista kafin ya shiga kasuwa, ƙarƙashin dokar lafiyar jama'a ta 2012. Idan za ka je, tafi da lambar ajiyar tsiron, ranar ɗiba da wurin, yadda aka jiƙa ko aka tafasa, awon da ake ba babba da yaro, sunan duk abin da aka haɗa a ciki har da kanwa ko zuma, da kuma littafin da ka rubuta ɗanyun lambobin kowane bututu.